Ni da Duna a filin gasar karnuka

Ni ma'aikacin jinya ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Gumel, kuma tun 2012 nake aiki a Ingila. Shekarun farko a cikin gari na yi su, a ɗaki ɗaya a saman wani shago, daga aiki sai barci. Da iyalina suka iso kuɗin haya ya fi ƙarfinmu, sai muka koma wani ɗan gida a gefen gonar wani tsoho a karkarar Linkonsha. Tsohon yana da tumaki da gonar alkama. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk sun tafi birni. A wannan gidan muke lokacin da likita ya ce sukarina ya hau, in ban rage zama na ƙara tafiya ba to magani zan riƙa sha har ƙarshen rayuwata. Na san gaskiyarsa, don abin da ni ma nake faɗa wa marasa lafiya ke nan kullum. Amma wanda ya kwana a tsaye a asibiti ba ya tashi da yamma cikin sanyi da yayyafi ya kama zagaya gona don kawai likita ya ce.

A bazarar 2019 karyar tsohon ta haihu. Irin karnukan kiwon nan ne da ake kira Boda Koli, baƙaƙe masu farin wuya, waɗanda asalinsu daga kan iyakar Ingila da Sikotilan ne. A lokacin yanyawa ta sa kajin uwargida a gaba, kusan kowane mako sai mun tashi mun ga gashi a warwatse. Tsohon ya ce in ɗauki kwikwiyo ɗaya, zai yi mana gadi, in ya girma kuma ya taya shi kora tumaki tunda uwar ta fara tsufa. Na ɗauki wanda ya fi kowa baƙi, yara suka sa masa Duna.

Kafin in kawo shi sai da na kira Baffana a gida, wanda shi ne malaminmu tun muna yara. Na ce, "Baffa, Allah ya gafarta malam, an ba ni kare." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni na me. Na ce gadin kaji da kiwo. Ya ce kare na farauta da na kiwo da na gona shari'a ta yarda da su, kuma a wajen malamanmu na Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Ya ƙara da cewa, "Amma kada ka shigar wa matarka da shi ɗaki, ka ji ko?" Haka aka yi. Duna yana da ɗakinsa na katako a tsakar gida, yana da kwanukansa, ni kuma ina da rigar da nake fita da shi da ita, tana rataye a bakin ƙofa. Har yau akwai 'yan uwanmu a masallacin Juma'a da ke ganin na yi nisa, ba na kuma gardama da su.

Kare ba baƙona ba ne. Kakana na wajen uwa mafarauci ne, kuma na tashi ina ganin karnukansa, dogaye, sirara, masu yankakken kunne, suna cin ragowar tuwo da dusa. A Ingila yanke wa kare kunne laifi ne a doka, kuma dole a sa masa ɗan guntun na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanin mai shi, dokar da ta fara aiki a 2016. Amma duk sabon da na yi da karnukan Kaka bai shirya ni wa Duna ba. Karnukan Kaka in ba a fita daji ba kwanciya suke yi a inuwa har rana ta faɗi. Wannan kuwa bai san gajiya ba. Ya kora kaji, ya kora yara, ya kora keken mai kawo wasiƙa. Wata safiya ya ratsa ta ƙarƙashin waya ya shiga cikin tumakin maƙwabcin tsohon, masu ciki, ya tara su a lungu ɗaya. Mutumin ya zo har ƙofar gida, fuska ba annuri, ya ce mini doka ta ba manomi damar harbe karen da ya sa masa tumaki a gaba idan babu wata hanyar hana shi, kuma tunkiya mai ciki tana iya ɓari don tsoro kawai. Daren nan tsohon ya ce mini kare irin wannan in ba ka ba shi aiki ba zai nemo wa kansa, kuma wanda zai nemo ba zai yi maka daɗi ba. Shi ya nuna mini wata ƙungiyar masu horar da karnuka da ke haɗuwa a rumfar dawaki a ƙauyen gaba.

A can na fara ganin wasan da suke kira ajiliti. Ana jera shingaye da wasu kayan katako a fili, kamar guda ashirin, kowanne da lambarsa, kare ya bi su bi da bi da gudu, mai shi yana gudu a gefe yana nuna masa hanya, ba igiya, ba abinci a hannu, ba taɓa shi. Akwai shingen tsallakewa, akwai rami na leda mai lanƙwasa, akwai tudun katako mai tsayin mita 1.7, akwai siririyar gada, akwai lilon katako, akwai kuma turaku shida ko goma sha biyu a jere da kare zai yi saƙa a tsakaninsu. Wasan ba tsoho ba ne. A bikin karnuka na Crufts na 1978 a Landan aka fara nuna shi, don a ɗebe wa 'yan kallo kewa tsakanin wani shiri da wani. John Varley ne ya kawo shawarar, yana kwaikwayon gasar tsallen dawaki, Peter Meanwell kuma ya tsara kayan da dokokin. Meanwell mutumin Linkonsha ne, kuma 'yan ƙungiyarmu ba sa barin baƙo ya tafi bai ji wannan ba.

Malamar da ke koyar da mu tsohuwa ce mai sanda, ta daina gudu tun tuni, amma karenta yana bin fili daga nesa da muryarta kawai. Ranar farko na zo da zumuɗi, ina jiran in ga Duna yana tashi sama. Ta ce ba zai tsallake komai ba. Ƙasusuwan kwikwiyo ba sa gama haɗewa sai ya haura shekara, kuma dokar Kennel Club, ƙungiyar da ke kula da gasannin karnuka a Birtaniya, ba ta barin kare ya shiga gasa sai ya cika wata 18. Na ce mata a wajenmu cewa ake yi icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta ce ita ma ta yarda, amma hankalinsa za mu tanƙwara yanzu, ƙafafun su jira. Don haka muka shafe damina da hunturu muna abin da a idona wasan yara ne: ya zauna ya jira sai an sallame shi, ya zagaya bokiti ta hagu, ya zagaya ta dama, ya taka faifan katako mai motsi, ya ja tsumma da ni ya saki in na ce ya saki. Da Hausa nake masa magana, zauna, tsaya, hagu, dama, rami, hau, kuma wannan ya yi mini rana daga baya, don a filin gasa mutum goma na iya yin ihu lokaci ɗaya amma babu mai faɗin abin da nake faɗa.

Muna gab da fara kayan gaske sai annobar korona ta zo. A watan Maris na 2020 aka rufe ƙasa, aka rufe rumfar, ni kuma aikin asibiti ya koma abin da ba na son tunawa. Ina dawowa gida in tuɓe a waje, in yi wanka kafin in taɓa yarana. A watannin nan sa'a ɗaya da nake yi da Duna a bayan gida ita ce kaɗai lokacin da ba na jin ƙarar na'urorin asibiti a kunnena. Na haɗa shingaye da bokitai da sandunan tsintsiya. Na kafa turaku da gora. Sannan na ce bari in haɗa lilo.

Lilon gasa an auna shi. Katako ne dogo a kan ƙarfe, gefe ɗaya ya fi nauyi kaɗan don ya koma inda yake, kuma yana sauka a hankali daidai da nauyin kare. Nawa katakon magina ne da na ɗora a kan tsohuwar gangar mai. Duna ya hau da gudu, da yardar da yake yi wa duk abin da na nuna masa. Yana wuce tsakiya gangar ta mirgina, katakon ya daki ƙasa da ƙara, ɗaya gefen ya taso ya buge shi a cinya. Bai ji ciwo ba, likitan dabbobi ya duba. Amma daga ranar ko katakon da ke kwance a ƙasa ya gani sai ya kewaye shi, kunne a kwance, wutsiya a tsakanin ƙafafu. Da aka buɗe rumfa, in wani kare ya hau lilo ya buga ƙasa, Duna sai ya ja ni zuwa ƙofa.

A nan ne na ga bambancin masu horo. Wani mutum a ƙungiyar ya ce in sa masa igiya in ja shi ya haye sau da yawa, zai gane ba abin tsoro. Malamar ta ce in na yi haka zai haye, amma duk rayuwarsa zai riƙa hayewa yana rarrafe, ko ya yi tsalle ya sauka tun katakon bai taɓa ƙasa ba, wanda laifi ne a gasa. Abin da ta sa muka yi ya ɗauki watanni. Ta tokare lilon yadda bakinsa ya rage ɗan yatsa biyu ya taɓa ƙasa. Duna ya kalle shi, a ba shi guntun hanta. Ya matso, a ba shi. Ya sa ƙafa ɗaya katakon ya yi ƙas, a ba shi da yawa. A hankali ya gane shi ne ke yin ƙarar, kuma ƙarar ce ke kawo hanta. Sai a ɗaga katakon kaɗan. In ya nuna tsoro a koma baya, ba faɗa, ba lallashi. Ina tsaye a rumfar nan na tuna Kaka. Bai taɓa sakin kwikwiyo a kan zomo shi kaɗai ba. Ranin farko bin manya kawai yake yi, ya ji ƙaho, ya ji ihun mutane, ya lasa jini in an yanka. In ɗan kare ya gamu da gursunu ko bushiya tun bai yi ƙwari ba ya sha wuya, Kaka cewa yake yi an kashe masa zuciya, kuma karen da aka kashe wa zuciya sai gadin gida. A da ina ɗauka camfin mafarauta ne.

Akwai wata matsalar da ta ba kowa dariya ban da ni. A rumfa Duna yana bin hannuna daidai, a gida kuma sai ya riƙa ɗaukar shingen da ban nuna ba. 'Yata ta fari ce ta ɗauke mu a waya ta nuna wa malamar. Ashe a gida da jallabiya nake gudu. Kare yana kallon kafaɗa da ƙafa da inda ƙirji ya fuskanta fiye da yadda yake sauraron baki, ni kuwa na rufe su duka, iska kuma tana kaɗa rigar tana nuna masa wani wajen. Uwargida ta ce, "Maigida, ai ko ni in kana cikin rigar nan ban san inda ka dosa ba."

Gasarmu ta farko a bazarar 2021 ce, a wani filin ciyawa da aka yanka gida-gida da igiya. Kafin nan sai da aka yi masa rajista a Kennel Club aka kuma auna tsayinsa. Rukuni huɗu ne, ƙanana da matsakaita da waɗanda suka ɗara matsakaita da manya, kuma duk karen da ya wuce santimita 50 a kafaɗa cikin manya yake, shingensa santimita 60. Matakai kuma bakwai ne, daga na ɗaya na sababbi zuwa na bakwai na gwanaye, da cin gasa ake hawa. Mutane sun kwana a filin cikin motocin kwana da tantuna, yawancinsu mata ne da suka manyanta, kowace da karnuka uku ko huɗu. Ni kaɗai ne baƙar fata a wajen. Ban ga wulaƙanci ba, kowa ta karensa yake yi.

Kafin a fara, alƙali yana ba da 'yan mintuna a zagaya fili ba tare da kare ba, don ba a sanin tsarin ranar sai an zo. Sai ka ga mutum hamsin suna tafiya suna miƙa hannu, suna juyawa, suna magana da karen da babu shi. Da wani daga ƙauyenmu zai leƙo, cewa zai yi taron masu bori ne. Ni ma na shiga na yi nawa.

Da layi ya zo kanmu na zaunar da Duna a bakin shingen farko, na ce tsaya, na taka gaba. Ban kai taku uku ba ya wuce ni kamar an harbo shi. Ya tsallake na ɗaya da na biyu, ya ga rami a gabansa ya faɗa ciki, alhali ramin shi ne na tara. Alƙali ya gicciye hannuwa a ƙirji, alamar an fitar da mu. Hannu a buɗe maki biyar ne na laifi, kamar in kare ya kayar da sanda ko ya sauka daga gada bai taka fentin da ke bakinta ba. Dunƙulallen hannu na ƙin shiga ne, uku daga cikinsa kuma kora ce. Duk na koyi alamomin nan a bazarar, don duk an nuna mini su. A zagaye na biyu Duna ya hango wani kare yana gudu a filin da ke kusa, jinin kiwo ya motsa, ya fice ta ƙarƙashin igiya ya je zai tare shi. A wata gasar kuma ya tsaya ya ɗaga ƙafa a bakin rami, wanda shi ma kora ce nan take, aka zo da bokitin ruwa ana wankewa, mutane na jira, ni kuma ina tsaye da igiya a hannu ina ba kowa haƙuri.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai. Wata mata da ta kai karnuka Crufts, wanda tun 1991 ake yi a Birmingham, ta ce mini karenta na yanzu ya shafe shekararsa ta farko bai gama zagaye ɗaya ba. Shawarar da ta ba ni ita ce in daina neman ci. In ya tashi kafin in sallame shi, in ɗauke shi mu fita cikin ruwan sanyi, ko da kuɗin shiga ya tafi a banza. Akwai kuma gasannin da ke yarda ka shiga da sharaɗin ba a lissafa ka, ka riƙe tsummansa a hannu, ka yi shinge uku ka saka masa da wasa. Na bi wannan. Akwai ciwo ka tuƙa mota tun asuba don daƙiƙa goma, amma kare mai wayo irin Duna in ya gane a gasa ana barinsa ya karya dokar da ba a barinsa ya karya a gida, to ya riƙe ke nan.

Ba duk abin da ke cikin wasan nake so ba. Na ga masu fita fili suna murmushi, su je bayan mota su huce a kan kare, alhali su ne suka juya a makare. Dokar ta hana muzguna wa kare a wurin gasa, amma alƙali ba ya ganin bayan mota. Na ga kuma masu sauya kare in wanda suke da shi bai kai gudun da suke so ba. Sannan Boda Koli sun mamaye rukunin manya har sai da aka ware wasu gasanni da kowane irin kare zai shiga ban da su, don sauran su samu su ci wani abu. Ni da nake da Koli ba ni da wannan mafakar. Duna yana gama fili a cikin daƙiƙa talatin da 'yan kai, ni kuma mutum ne da ya haura arba'in da biyar da gwiwa mai ƙara. Shi ya sa na zaɓi in koya masa tsayawa a ƙarshen gada da tudu, ƙafafun gaba a ƙasa na baya a kan fenti, sai na sallame shi. Gwanaye da yawa yanzu a guje suke barin kare ya sauka, ya fi sauri. Ni tsayawar nan ce ke ba ni damar cim masa.

Zagayen farko da muka gama ba laifi a bazarar 2022 ne, kuma akwai lilo a ciki. Ya hau, ya je har baki, ya jira katakon ya buga ƙasa, ya kalle ni. Mun zo na shida. An ba mu ɗan furen ƙyalle, uwargida ta maƙala shi a jikin firji. Na aika wa Baffa hoton, ya kira ya ce, "To, shi karen me aka ba shi?" Na ce hanta. Ya ce, "Madalla, an yi adalci."

Sukarina ya sauka, likita bai kai ga ɗora ni a kan magani ba, kuma na rage ƙiba har sai da aka rage mini kaftanai. Gwiwar ce dai ta ƙi. A hunturun da ya biyo baya na zame a ciyawa mai laima ina ƙoƙarin juyawa a gabansa, aka ce in huta da gudu na wani lokaci. 'Yata, wadda tun farko ita ke riƙe waya tana ɗaukarmu, ta ce, "Baba, ka ba ni shi in gwada." Kennel Club tana da reshen yara da matasa daga shekara 6 zuwa 24, muka yi mata rajista. Da hijabinta take gudu, ta cusa shi cikin rigar wasanni don kada a maimaita labarin jallabiya. Ba ta ihu kamar ni, kalma ɗaya take faɗa a lokacinta, kuma tana isa inda ya kamata kafin kare ya iso. Ita ce ta ci masa gasar da ta fitar da shi daga matakin farko.

Yanzu ita ke gudu da shi a gasa, ni ke tuƙi da riƙe ruwa da ɗaga sandunan da karnuka suka kayar, don a gasannin nan masu shiga su ne ma'aikatan fili. A watan azumi ba ma zuwa. Duna kuma yana aikin da aka ba ni shi dominsa: da safe yana taya tsohon shigar da tumaki, kuma tun da ya girma yanyawa ba ta sake ɗaukar kaza ba. Turaku ne suka rage mana. Dole kare ya shiga da turken farko a kafaɗarsa ta hagu, kuma in ya taho da gudu daga ɓangaren dama har yanzu yakan tsallake na farko ya shiga ta na biyu. Mun kafa guda huɗu kawai a bayan gida, yarinyar tana turo shi daga kowace kusurwa bayan ta dawo makaranta, ni ina zaune a kan bokiti da hantar a hannu.